Shekarar da Na Ga Ruga Tana Tafiya a Jikin Bango

Na san abin da kuka tashi kuna ji a kaina. Kun ji a gidan Yaya Sale, kun ji a kasuwa, wataƙila har a bakin masallaci: wai mahaifinku ya tsaya a gaban jama'a ya kunyata yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, saboda Fulani sun ba shi saniya. Ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayani ba, domin duk sa'ad da na ɗauko zancen sai raina ya ɓaci in kasa ƙarasawa. Yanzu da ƙarfi ya fara ƙarewa, gara in rubuta. Babu wanda ya ba ni saniya, ko ƙwaryar nono ba a ba ni ba. Ga yadda abin ya kasance.

A shekarar da nake ba ku labari ban daɗe da ajiye aikin koyarwa ba. Labarin ƙasa na koyar duk tsawon aikina, a makarantun Bebeji da na Tudun Wada, sannan na tattara na dawo ƙauyenmu da ke gefen Ɗansoshiya. Inna, kakarku, tana da rai a lokacin, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Yaya Sale shi ne ya tsaya a gona tun muna yara, ni aka tura ni makaranta, kuma ba mu taɓa raba gonar gado ba. Shi yake nomawa, in an yi girbi ya aiko mini da rabona duk garin da nake. Gonar tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi su sauka rafi. Arewa da burtalin akwai rugar Ardo Buba, dattijon da na tashi na gani a wurin. Tun zamanin iyayenmu, in an cire amfani sai a kira su su shigo da shanu su ci kara su bar taki. Amma a 'yan shekarun nan zaman ya yi tsami. Kowace damina sai an yi ƙarar ɓarna, kuma a daminar da ta gabata an fasa wa wani manomi kai, an sare wa Fulani saniya biyu. Shi ne dattawan gari suka kafa kwamitin sulhu. Suka ba Alhaji Tukur shugabanci, wani mai sayen hatsi da ya fi kowa yawan gonaki a yankinmu, ni kuma aka ce in zama sakatare tunda ina rubutu ina jin Turanci. Wata ƙungiya daga birni ta ce za ta taimaka, ta aiko mana da wani mutum mai kimanin shekara arba'in, wanda kowa ke kira Injiniya. Bai jin Hausa sosai, don haka ni ne tafinta.

Ranar taron farko aka cika babban ajin firamare. Aka toshe tagogi da buhuna don ɗakin ya yi duhu, aka tayar da janareta, Injiniya ya haɗa kwamfutarsa da majigi ya haska bango. Manoma suna kan benci, Fulani suna tsaye a baya kusa da ƙofa, sandunansu a jingine a waje. Sai ga ƙasarmu a jikin bango kamar yadda shaho ke ganinta: ga rafi, ga hanya, ga gari. Ya ce an haɗa taswirar ne daga hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauka shekara bayan shekara. Kore shi ne gonaki, ruwan ƙasa shi ne daji da makiyaya, jajayen ɗigo kuma su ne wuraren da aka ga bukkoki da garke. Ya danna wani abu, shekaru suka fara wucewa da sauri, kowace shekara kamar ƙiftawar ido.

Wallahi na ga suna tafiya. Ba zan yi muku ƙarya ba. Jajayen ɗigon nan suka taso daga cikin daji suna tsalle suna gangarowa, kamar cinnaku sun ji ƙanshin suga, har suka zo suka manne a jikin kore. Ni da na shekara talatin ina zana taswira a allo, ina dukan tebur ina cewa yara su duba da kyau, ni ma na yarda da abin da na gani. Injiniya ya faɗi magana da Turanci, ma'anarta kawai ita ce wannan yana nuna yadda wurare suka sauya cikin shekaru. Amma da na buɗe baki sai na ce:

"Jama'a, kun ga yadda rugage suke tasowa suna nufo gonakinmu."

Bai ce suna tasowa ba. Bai ce suna nufo ba. Ni na faɗa, da bakina, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Ajin ya ɗauka da hayaniya. Aka ce a maimaita, aka maimaita har sau uku, kowane karo mutane suna nuna bango da yatsa suna cewa ga su nan, ga su nan. Can sai Ardo Buba ya matso daga baya, ya yi sallama, ya jira har aka yi shiru.

"Ranku ya daɗe, ni ban san wannan abin ba. Amma in wancan jan da ke sama da rafi rugata ce, to tun ina saurayi ban taɓa tayar da bukkata ba. A gindin tsamiyar nan nake."

"Ardo, na'ura ba ta san Bahaushe ba, ba ta san Bafulatani ba," in ji Alhaji Tukur. "Abin da ta gani daga sama shi ta nuna. Ko za ka ce idon mutanen nan duka ƙarya yake yi?"

Aka yi dariya. Ardo ya dube ni, ni da ya san na yi ilimin abin, yana jira in ce wani abu. Na sunkuyar da kai ina rubutu. Aka tashi a kan cewa bayan kwana uku za a dawo a sa hannu a takardar shawara, kuma kowa ya san shawarar: ruga ta tashi ta koma inda ta fito.

Da yamma muna zaune a tsakar gida, Yaya Sale yana ba Inna labari da murna, har yana kwatanta tafiyar ɗigon da yatsunsa a kan tabarma. Inna ta saurara har ya gama. Ba ta kiran sunansa tunda shi ne ɗan fari, sai dai ta ce Babba.

"Babba, wane Buban ne ya matso? Ina amarya a gidan nan nake zuwa rugarsu sayen man shanu. Sai na ratsa daji, ina tsoron kura, kafin in hango tsamiyar. Yau daga bakin gonarku ana jin kukan maruƙansu. To tsamiya ce ta yi ƙafa?"

"Inna, ke ba ki gani ba. Da idona na gani, Habu ma ya gani, shi ya fassara."

"Na ji. Ni dai abin da na sani, dajin ne ya ƙare."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Washegari da sassafe na hau babur na tafi Kiru, inda aka sauki Injiniya. Na same shi yana shan shayi, na ce ina so ya nuna mini taswirar, amma ba a guje ba, shekara ɗaya bayan ɗaya, yadda ake buɗe shafin littafi. Ya buɗe kwamfutar. Na nemo jan ɗigon da ke sama da rafi, na ɗora ɗan yatsana a kansa, na ce ya ci gaba. Ya wuce shekara ta biyu, ta uku, ta huɗu, har ƙarshe. Yatsana bai gusa ba, ɗigon ma bai fita daga ƙarƙashinsa ba. Abin da ya gusa kore ne. Kowace shekara sai ya ɗan ci gefen daji, kaɗan kaɗan, yadda ba za ka lura ba sai ka haɗa hoton farko da na ƙarshe. Tazarar da ke tsakanin ɗigon da gonaki tana raguwa, ido kuma da ya ga ƙaramin abu ja da babban abu kore suna kusantar juna, sai ya yanke cewa ƙaramin ne ke tafiya. Kun taɓa kallon wata sa'ad da gajimare ke wucewa, ku ga kamar watan ne ke gudu? To haka.

Sauran ɗigon da muka ga suna tsalle, labarinsu ya fi ɓata mini rai. Wani ɗigo yana can cikin daji a wannan shekara, a ta gaba babu shi, sai wani ya fito a kusa da gonaki. In an sa abin a guje, ido sai ya ɗinke su ya mai da su abu ɗaya da ya yi tsalle daga can zuwa nan. Alhali ba mutane ɗaya ba ne. Na cikin dajin na san su, baƙi ne da suka yi damina ɗaya suka wuce kudu. Na duba ƙaramin rubutun da ke gefen kowane hoto, wanda ba wanda zai iya karantawa a jikin bango, sai na ga hotunan farko da damina aka ɗauke su, lokacin da shanu ke nesa da shuka, na baya-bayan nan kuwa yawancinsu da rani ne, bayan girbi, lokacin da mu da kanmu muke kiran Fulani su sauka a gonakinmu saboda taki. Wato baƙin da muka gayyato su ne aka nuna mana a matsayin masu mamaya. Na ɗago na dubi Injiniya.

"Ka san da wannan?"

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce ya san ido yana yin haka, an koya musu, shi ya sa tun farko ya shirya ta a hankali, kowace shekara tana ɗan tsayawa, ɗigon kuma baƙaƙe ne ƙanana. Ya ce hotunan damina na shekarun baya-bayan nan gajimare ya rufe su, shi ya sa ya cike da na rani. Da ya nuna wa shugaban kwamiti kafin taro, sai ya ce wannan zai sa mutane gyangyaɗi, a ƙara mata sauri, a kuma mai da ɗigon ja manya don na baya su gani.

"Sai ka yarda?"

"Malam, ban sauya wurin ko ɗigo ɗaya ba. Duk abin da ke ciki gaskiya ne."

Wannan amsar ita ce ta fi ƙona ni, kuma har yau ita ke ƙona ni. Kowane hoto gaskiya ne, amma an jera su yadda za su yi ƙarya, shi kuma ya wanke hannunsa saboda bai taɓa ɗigo ba. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Daga ƙarshe ya ce in na nema a gaban taro zai nuna ta a hankali, amma shi baƙo ne, ba zai tayar da zancen da kansa ba, gata zai koma birni. Kafin in tashi na ce ya ƙara girman wurin burtali. A nan na ga abin da ban zo nema ba. A hoton farko burtalin yana da faɗi, garke biyu za su iya wucewa. A na ƙarshe ya zama siririn zare. Koren da ya fi cinye shi daga kudu kuwa gonarmu ce. Har na gane shekarar da ta fi shiga, domin a shekarar ni na sayo wa Yaya Sale garmar shanu daga Tudun Wada, na ce ya faɗaɗa noma tunda iyali suna ƙaruwa.

Da na dawo gida na gaya wa mahaifiyarku komai. Tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu.

"Malam, ka je ka sami Yaya a ɗaki, ku biyu. Kada ya fara jin wannan a gaban mutane. Mutumin nan shi ya riƙe gidan nan kana can."

Na bi maganarta. Na same shi a zaure yana gyaran igiya, na gaishe shi, na zauna ƙasa da shi kamar yadda na saba, na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce mu ne ya kamata mu fara ja da baya daga burtali, in muka yi, sauran za su ji kunya su bi. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Habu, tuwon da 'ya'yanka suka ci suka girma, daga wace gona ya fito?"

"Daga tamu, Yaya."

"Lokacin da buhuna ke isa gare ka a Bebeji, ka taɓa tambaya ko daga bakin burtali aka yanko dawar? Yanzu da ka ƙoshi ka dawo, za ka koya mini inda iyakar gonar ubana take? Kai ka tsaya ka ce suna nufo mu. Ka bar maganarka inda ka ajiye ta. In ka tashi a taron nan ka buɗe baki, ka sani da ni kake."

Ina so ku fahimci cewa yana da gaskiya a rabin maganarsa. Na ci, kun ci. Kwana biyu ina juya abin. Da wani ne ya yi fassarar nan, wataƙila da na yi shiru na ce ba ruwana. Amma kalmar da ke shirin tayar da mutane daga mazauninsu daga bakina ta fita, kuma hannuna ake jira a ƙasan takarda.

Ranar taro na biyu na sa guntun alli a aljihu. Aka sake toshe tagogi, Alhaji Tukur ya ce a nuna sau ɗaya don tuni sannan a sa hannu. Na miƙe na ce ina da gyara a fassarar da na yi. Na ce wa Injiniya ya tsayar da hoton farko. Na je jikin bango na zagaye ɗigon Ardo Buba da alli, na kuma ja layi a bakin kore, inda gonaki suka tsaya a wannan shekarar. Na ce kowa ya zuba ido a kan allin, kada ya kalli komai sai shi. Aka saki taswirar a guje kamar ranar farko. Ɗigon ya zauna cikin da'irarsa kamar an kafa shi da ƙusa. Kore kuwa ya tsallake layina ya yi ta malala arewa, kamar ruwa ya ci bakin rafi. Na sa aka bi ta a hankali, na karanta musu watan da aka ɗauki kowane hoto. Na ce ranar nan na faɗi abin da Injiniya bai faɗa ba, idona ya yaudare ni, na nemi gafarar Ardo da mutanensa.

Na ɗauka shi ke nan. Wautata ke nan ta malamin makaranta, da nake zaton in ka nuna wa mutum abu a allo ya gani, magana ta ƙare. Wani daga tsakiyar benci ya ce:

"Ni dai ranar nan na ga suna tafiya, kuma kai ka ce suna tafiya. Yau ka zo da alli ka ɗaure su."

Wasu suka yi dariya, irin dariyar wanda ya sami mafita. Alhaji Tukur ya gyara babbar rigarsa ya ce, cikin sanyin murya, tunda Malam Habu ya ce gonaki ne ke tafiya, to ya taimaka ya faɗa wa jama'a wannan koren da ya fi shiga burtali na wane ne. Ya san amsar sarai, tarko ya ɗana mini. Gonakinsa uku suna can gabas sun cinye mashaya, na faɗi hakan, amma ya ce ba su ya tambaya ba. Na dubi Yaya Sale a benci na biyu. Ya kafe ni da ido.

"Tamu ce," na ce. "Tawa da yayana. Kuma ni na sayi garmar."

Yaya Sale ya tashi, ya ɗauki hularsa da ta faɗi, ya ratsa mutane ya fita. Rabin ajin ya bi shi da ido, sannan suka juyo kaina, kuma daga wannan lokacin ba a sake maganar taswira ba. Magana ta koma ta ƙanen da ya tona asirin yayansa a gaban Fulani. Na ƙi sa hannu. Alhaji Tukur ya karɓe littafin kwamiti daga gabana ya miƙa wa wani, aka rubuta, aka sa hannu, Injiniya yana naɗe wayoyinsa kamar ba a ɗakin yake ba. Ko kwana biyu ba a yi ba labarin saniya ya zaga gari.

Ardo Buba bai jira a zo a tashe shi ba. Da aka gama girbi suka kwance bukkoki, suka ɗora kaya a kan jakuna da bijimai, suka nufi wajen Doguwa. Na je na tsaya a bakin hanya. Ya tsaya muka gaisa, ya ce ya gode da allin. Sannan ya ƙara da cewa:

"Amma Malam, da ranar farko ka zo da shi."

Abin da ya biyo baya kun ga wani ɓangarensa da idonku, ko da ba ku san dalili ba. Yaya Sale ya kira dattawa aka raba gonar gado. Ya ja katanga a tsakiyar gidan da aka haife mu, ya fasa wata ƙofa ta gabas don kada mu haɗu a zaure. In na gaishe shi a masallaci sai ya amsa wa bango. Inna ta koma tana kwana biyu a nan, kwana biyu a can, ana riƙe da hannunta ana zagayawa da ita ta waje, tsohuwar da a da taku goma ke kai ta ɗakin kowannenmu. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce za ta ɗaga mana nono, duk a banza. Ta rasu ba ta ga mun ci abinci a kwano ɗaya ba. Wannan ba zan yafe wa Alhaji Tukur ba, kuma ban ce ku ku riƙe shi ba, nawa ne. An yanka filin rugar an raba wa waɗanda aka ce shanu sun yi musu ɓarna. Kaso mafi girma ya bi ta hannun wasu ya faɗa hannun shugaban kwamiti. Yaya Sale ya sami gefen tsamiya, inda garke ya shekara da shekaru yana kwana. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk saboda taki. Kuma ku sani, rigimar ɓarna ba ta ƙare ba. Baƙin makiyaya masu wucewa suka zo suka tarar babu burtali, babu kuma Ardon da zai ce musu ga hanya, suka riƙa bi ta cikin shuka.

A kaka ta uku bayan rasuwar Inna, sai ga buhun masara a ƙofata, matar Yaya Sale ta biyo shi da saƙo, wai Yaya ya ce a kawo wa yara. Shi ne abu na farko da ya fito daga wajensa zuwa wajena tun ranar taron. Na tambaye ta daga wace gona. Ta ce ta gefen tsamiya. Mahaifiyarku ta riƙe mini hannun riga.

"Malam, ba masara ya aiko ba, hannu ya miƙo. Ka karɓa, ko kaji ne ka zuba wa."

Na ce a mayar. A cikin duk abin da na yi a wannan al'amari, wannan ne kaɗai nake tambayar kaina a kansa. Fushi ne ya yanke mini hukunci a ranar, kuma Yaya bai sake aikowa ba. Da ciwonsa ya yi tsanani na shiga ta ƙofar gabas ba tare da an kira ni ba, na zauna a gefensa, na riƙa ba shi ruwa da cokali. Ya karɓa daga hannuna, amma a lokacin harshensa ya riga ya yi nauyi. Ban san ko ya yafe ba. Da ya rasu, ni na yi masa wanka.

Tunda 'ya'ya mata kaɗai ya bari, da malamai suka raba gado sai wani kaso ya faɗo mini, kuma cikin ikon Allah gefen tsamiyar ne. Ban iya taka wurin ba. Bayan sadakar arba'in na shiga mota zuwa Tudun Wada, na sake wata zuwa Doguwa, na yi ta tambaya a kasuwar shanu har aka kwatanta mini inda mutanen Ardo Buba suke, can gindin duwatsu. Na tarar Ardo ya rasu. Babban ɗansa Bello, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Na gaya masa filin ya dawo hannuna, na zo in mayar musu da shi, in sun so a rubuta a gaban shaidu. Sai ya ce:

"Baba, Allah ya saka. Amma ta ina shanu za su shiga? Gona ce gaba da baya. Ko mun karɓa sai dai mu sauka daga sama."

Ya raka ni har bakin hanya, muna jiran mota, sai ya ce akwai abu ɗaya da zai roƙa, in ba zai yi mini nauyi ba. Ya ce daga gindin tsamiyar in mutum ya fuskanci gabas ya yi taku ashirin, akwai 'yar tudu. Kakansa yana nan, da mahaifiyarsa, da ƙannensa biyu da suka rasu suna ƙanana. Ba su faɗa wa kowa ba da za su tashi, don sun ga ba mai sauraro.

Washegari na je na auna taku ashirin. Tudun ya kusa bajewa, kunyoyin masara sun bi ta kansa. Na tsaya a wurin, ban san da wa zan yi faɗa ba, duk waɗanda zan yi da su sun mutu ko sun tsufa. Na kwaso duwatsu daga rafi na kewaye shi, na dasa aduruku a kusurwa huɗu. Shi ne wurin da kuke tambayata me ya sa nake barinsa ciyawa alhali ya fi ko'ina ƙarfi. In na mutu, ku raba sauran yadda shari'a ta ce, ku noma, ku ci. Amma duk wanda ya sa garma a cikin duwatsun nan, ban yafe masa ba.